Magina da Masu Rusau

Ƙarfe uku na rana a Oulu, duhu ya riga ya sauka.
Inkeri ta kunna fitilar madubin bincike,
ta ɗora yankan ƙashin ɓera
wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba.

Shekaranjiya uwarta, Rauha, ta faɗi.
Ba a kan ƙanƙara ba, da sai a ɗora wa ƙanƙara laifi.
A ɗakin girki ne, tana miƙa hannu ga gwangwanin kofi,
ƙugu ya ce ƙas, kamar busasshen kara.
Matar da ta shekara talatin tana cicciɓar tulunan madara
daga garke zuwa bakin hanya.

To, ga su nan a ƙarƙashin gilashi.
Ga masu rusau, ƙatti, rini ya mai da su jajaye,
sun kifa ciki a jikin bango
suna tofa tsami, suna ƙwaƙule rami.
Ga magina a bayansu, a jere kamar haƙoran matsefi,
suna cikewa.
Ramin mako uku, cikon wata uku.
Ɓarna dai ba ta taɓa jiran gyara ba.

Akwai maginin da kan yi ta yaɓe
har ya rufe kansa a cikin katangar.
Ba ya mutuwa.
Sai ya koma kunne,
ya miƙa siraran yatsu ta kafofin dutse
yana sauraron nauyin tafiyar mai gida.

Littafi ɗaya dukansu suka gada,
rabi daga uwa, rabi daga uba.
Abin da ya raba magini da mai rusau
shafin da aka buɗe masa ne.
Wasu shafukan an ƙulle su da ɗan mitsitsin ƙulli,
wasu kuwa sai saƙo ya iso ta jini
ya ƙwanƙwasa, ya ce: karanta nan.

Istirojin ke ɗauke da saƙo guda:
masu rusau, ya isa haka, a koma gida.
Rauha na da hamsin da ɗaya jinin wata ya ɗauke,
mai tsawatarwa ya yi shiru.
Ba wanda ya ji ƙarar komai.
Magina ba su yi yaji ba,
an dai fi su sauri ne, shekara ashirin da shida.

Sai kuma 'yan huɗun nan na maƙogwaro,
kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba.
Da jini ya ji ƙishin kalsiyam
su ke aikawa a ranto daga ƙashi,
a ƙasar da rana kan yi watanni tana leƙe daga nesa.
An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Na Rauha a ƙugu ya taru.

Da dare, a asibiti, hawa na biyar,
tsohuwa da sabuwar ƙusa a cinya ta buɗe ido ɗaya:
"Me ɓerayenki suka ce?"
"Sun ce ki tashi ki taka.
Akwai waɗanda ke binne a ciki suna jiran su ji ki."
"Ƙashin da ya haife ki ne fa, ki yi masa ladabi."
"Wancan ya tafi tuni, Mama.
An sake shi kusan sau biyar tun daga ranar."

Rauha ta yi tsaki, ta kama ƙarfen dogarawa.
Taki ɗaya. Hutu. Taki biyu.

Inkeri na riƙe da gwiwar hannunta.
Ba ta faɗa mata ba
cewa ita ma, da arba'in da takwas,
daren jiya ta farka sharkaf da gumi,
ta buɗe taga ga sanyin Janairu,
ta tsaya tana sauraron cikin ƙafafunta.